Ɓarawon da Ya Shayar da Mota

Ƙarfe huɗu na yammar wata Juma'a, a ƙarshen bazarar saba'in da huɗu, wani Baturen aikin taimako da ake kira Mushe Luk ya farka daga barcin rana, ya fito harabar gidan baƙi na bariki a Zinder, ya ɗaga tamfol ɗin Landirobar da ya ɗauko haya, ya tarar wayam. Buhu goma na irin gero sun yi ƙafa. Motar kuwa tana gindin dogon yaro, hancinta na duban bango kamar yadda ya bar ta, makullinta kuma yana aljihunsa.

Kafin ƙarfe biyar 'yan sanda sun tasa Kolo mai gadi zuwa komisariya, wato ofishinsu. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba a lokacin, kuma ba abin da suka tsana kamar taɓa hatsin taimako. Tiya guda ma tana iya kai mutum kaso, balle buhu goma.

Motar ta Nomau ce. Wanda ya san Zinder ta wancan zamani ba sai an gaya masa wane ne Nomau ba. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, tun babu kwalta, tun direba na kwana uku a hanya da tulun ruwa da dabino. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya sayi tsofaffin motoci biyu, ya kafa rumfa a unguwar Zango yana ba da haya. Fari ya kawo masa ciniki irin wanda bai roƙa ba: Turawa masu haƙa rijiya, likitoci, da masu ɗaukar hoton mushen shanu.

Amma Nomau ba ya miƙa makulli haka nan. Sai baƙo ya zauna a benci, ya sha shayi, ya saurari abin da mutanen Zango ke kira karatun Nomau. Da Faransancinsa na kan hanya yake jero shi, ba ya tsallake ko layi. Ka riƙe dama. Rana ta faɗi, kai ma ka tsaya. In ka isa rairayi ka sauka ka rage iskar taya da tsinken ashana, in ka fita ka mayar da famfo. Kada ka ja birkin hannu, yashi na shiga ya cije, ka bar ta a giya ka sa mata dutse. Ita take fara shan ruwa kafin kai, kuma ruwan rijiya sai an tace da tsumma. In ka shiga gari ka gai da mai gari kafin ka tambayi hanya, kuma ka tambayi mutum uku, don mutanenmu na jin kunyar ce wa baƙo ba su sani ba. Kada ka wuce mai tafiya a ƙasa ba ka tambaye shi ko yana da ruwa ba. Daga ƙarshe sai ya durƙusa ya nuna wa baƙon makulli na biyu, ɗaure da waya a ƙarƙashin mota, don wanda ya yar da makulli a daji ya yar da ransa. Yawancin baƙin kai kawai suke gyaɗawa, kafin su bar Zango sun manta rabi.

Ran nan Nomau ya dawo daga masallaci da ɗan abu a ransa. Suma'ila, wanda ya koya wa tuƙi shekara ashirin da suka wuce, yanzu kuma yake riƙe masa gareji, bai zo sallah ba. Tun da suka san juna kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa ranar Juma'a. Yana cikin tunanin ko zazzaɓi ne sai ga ɗan sanda a keke, ya ce babbansu, Ajidan Illa, na kira.

Ajidan Illa mutum ne siriri mai son a gama magana da wuri. Yana tsaye jikin motar da littafi a hannu.

"Baba Nomau, abin a fili yake," in ji shi. "Bature na barci, mai gadi ya miƙa buhunan ta kan katanga, abokansa suka ɗora wa jakuna."

"Ajidan, jaki nawa ya rage a garin nan da zai ɗauki buhu bai durƙushe ba?"

"To amalanke."

Nomau ya zaga bayan katangar, ya dawo. Babu sawun jaki, babu na amalanke, babu ko ƙwayar gero a ƙasa. A shekarar nan da gero ya zuba, da an ga sawun kaji da na mutane a kansa.

Sai ya juya ga motar. Ya shafa ta kamar mai gai da tsohuwar abokiya, ya leƙa ciki. Birkin hannu a sake yake, giya na kan lamba ɗaya. Ya sunkuya, ya ga dutse a bayan tayar hagu. Allurar mai ta mutu tun da daɗewa, don haka ya zaro sandar da ake awo da ita ya tsoma a tanki. Ya buɗe gaban motar, ya kwance murfin lagireto, ruwa fal har baki. A jikin bututu ga tsumman tacewa a ɗaure, da danshinsa, da jar laka a tsakiyarsa. Daga nan ya kwanta ya shiga ƙarƙashi. Makulli na biyu yana nan, an naɗe wayar sau uku an lanƙwasa bakinta ciki don kada ta soki hannu. Ya daɗe a kwance fiye da yadda aikin ke bukata.

"Ba a sauke buhunan nan ba," ya ce da ya fito. "Da motar aka tafi, aka dawo da ita."

Ajidan ya rufe littafinsa. "Wa?"

"Bari in tambayi mutane tukuna."

"Gobe ƙarfe takwas takardar Kolo za ta wuce gaban alƙali. In ta wuce, ba ni da hannu a kai."

Mushe Luk yana zaune a matakala ya dafe kai. Saurayi ne dogo daga Beljik, rana ta mayar da wuyansa ja kamar gauta. Ba mugu ba ne, sauri ne ya yi masa yawa. Ranar da ya zo haya, agogo yake ta dubawa har aka gama karatu.

"Mushe, in ka tsaya, yaya kake barin mota?" in ji Nomau.

"Ina jan birkin hannu, kamar kowa."

"Na hana ka."

"Na manta."

"Yaushe ka ba ta ruwa?"

"Ban tuna ba."

"Mai fa?"

"Jiya da yamma na cika tanki, ban je ko'ina ba."

"An sha na tafiyar kilomita sittin. Irin nan, na wane gari ne?"

Baturen ya sunkuyar da kai. Ya ce a takarda na Kuka Uku ne, wani ƙauye a ƙasar Dakusa. Ranar Laraba ya kama hanya, ya isa wata busasshiyar korama, mota ta nutse a yashi har ciki. Awa huɗu yana fama kafin wasu masu raƙuma su fid da shi. Ya juyo, ya yanke shawarar raba irin a garuruwan bakin kwalta wajen Takieta, ranar Asabar.

"Ka rage iskar taya?"

"A'a."

"Wa ka gaya wa ka fasa zuwa?"

"Alhajin da ke ɗakin kusa da nawa. Sai mutumin garejinka, jiya da na kai ta a duba. Ba ka nan."

Gaskiya ne, Nomau ba ya nan. Ranar Alhamis yana Takieta wajen ɗauko ɗaya motar.

Alhajin kusa da ɗakin shi ne Alhaji Muntari, ɗan kasuwa daga Kano mai saro fata a kasuwar Dole. Ya fito yana gyara babbar riga, ransa a ɓace tun kafin a tambaye shi.

"Ranka ya daɗe, an ce ka yi wa Bature maganar buhunan nan," in ji Ajidan.

"Na yi. Na ce in sun yi masa nauyi akwai mai so. Ya ƙi, na bar shi. Tayi laifi ne a ƙasarku?"

"Ina kake daga azahar zuwa la'asar?"

"Masallaci, sannan gidan mai masaukina na da a Birni. Ku je ku tambaya."

Nomau bai ko dubi Alhajin ba. Fijo ɗinsa ya nufa, wadda ke can gefen rijiya. Birkin hannu an ja shi har ƙarshe. Ya buɗe lagireto, sai da ya leƙa sosai kafin ya hango ruwa a can ƙasa, ja da tsatsa.

"Alhaji, wa ke ba motar nan ruwa?"

"In ta yi hayaƙi ake ba ta."

"Allah ya ba ta haƙuri," in ji Nomau. Ya matsa kusa da Ajidan ya rage murya. "Ba shi ba ne. Wanda bai shayar da tasa ba, ba zai shayar da ta wani ba."

Rana ta yi ƙasa sa'ad da suka isa komisariya. Kolo na zaune a kan siminti a bayan kanta, an karɓe masa rawani. Tsoho ne Babarbare, shekararsa ashirin da biyar a ƙofar gidan baƙin nan, ko cokali bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ganin kansa a buɗe, fari fat, shi ya fi komai taɓa Nomau. Tare suka zo Zinder suna samari, lokacin da tabkunan gari ke cika har yara na iyo, ana sayar da nono a ƙofar kowane gida.

"Kolo, gaya mini gaskiya. Ka bar ƙofa?"

"Na ce musu ban bari ba."

"Ni nake tambayarka."

Tsohon ya share ido da bayan hannu. "Na tafi masallaci. Tun sha biyu da rabi nake tafiya don in samu inuwa, ƙafar nan ba ta sauri. Na biya na duba 'yata, sai uku da rabi na dawo. In mai gidan baƙi ya ji, aikina ya ƙare, bakuna bakwai ke ci a hannuna."

"Kullum haka kake yi?"

"Kowace Juma'a. Turawa na barci, fanka na ƙara, wa zai sani?"

"Duk wanda ke ganinka a masallaci ya sani."

"Nomau, ka san ban iya ko tayar da mota ba."

"Na sani. Ka yi haƙuri zuwa safe."

A waje Ajidan ya tare shi. "Baba, kana da suna a bakinka. Na gani tun da ka fito daga ƙarƙashin motar."

"Ka ba ni zuwa takwas."

Washegari bayan sallar asuba Nomau ya nufi gareji. Ya tarar da Suma'ila ya riga shi, ya share rumfa, ya hura gawayin shayi. Mutum ne ɗan shekara arba'in, mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Ya zo wurin Nomau ne daga Kuka Uku da riga ɗaya, ya yi shekara uku yana wanke mota kafin a bar shi ya taɓa sitiyari.

"Ina kwana, maigida."

"Lafiya lau. Ban gan ka a masallaci ba jiya."

"Wani uzuri ne ya taso."

Nomau ya zauna a bencin baƙi. Ya zaro tsumman da ya kwance daga motar daga aljihu ya shimfiɗa a gwiwarsa, jar lakar ta bushe ta yi ɓawo.

"Rijiyar garinku har yanzu jar laka take bayarwa?"

Suma'ila ya ajiye butar shayi a hankali. Ya daɗe yana duban tsumman.

"Motar ta yi zafi a hanyar dawowa," ya ce. "Ba zan iya barin ta haka ba."

"Na sani."

"Maigida, an yi ruwa a can ranar Alhamis. Ruwan farko a shekara biyu da ya jiƙa ƙasa har kamu ɗaya. Ƙanena ya zo a ƙafa ya gaya mini. Sun cinye irinsu tun sanyi, sun ci har na cikin gidan tururuwa. Kwana uku danshi zai yi. Bature kuma ya zauna a nan inda kake, ya ce hanyarmu ba ta biyuwa, zai kai wa mutanen kwalta. Sunan garinmu ne a jikin buhunan, da idona na gani."

"Me ya hana ka ce masa kai za ka tuƙa shi?"

"Na ce. Ya ce takarda ba ta yarda wani ya ja motar ba sai shi."

"Me ya hana ka jira ni?"

"Da ka hana ni."

Gaskiya ne. Da Nomau ya ce a bi ta ofishin taimako, ofishin kuma ba ya buɗewa sai Litinin.

"Ko tiya ban taɓa ba," in ji Suma'ila. "A gaban mai gari na sauke. Kafin in juyo, matan gari sun fita shuka da ƙwarya."

"An kama Kolo."

Suma'ila ya ɗago kai da sauri. Bai sani ba. Daga gidan baƙi gida ya wuce ya kwanta, ya ɗauka za a yi ta neman ɓarayin da babu su har a gaji.

"A kan siminti ya kwana, babu rawani. Ƙarfe takwas za a kai shi gaban alƙali." Nomau ya dube shi. "Ban faɗi sunanka ba. Amma in takwas ta yi zan faɗa, Suma'ila. Ina so ka riga ni."

Suma'ila ya kashe gawayin, ya wanke kofuna ya kife su. Ya zaro farminsa, takardar tuƙin da Nomau ya raka shi ya karɓo, ya duba ta, ya mayar aljihu. Suka kama hanya a ƙafa ta cikin Zango.

A komisariya Suma'ila ya faɗi komai da bakinsa. Ajidan ya rubuta, ya sa aka saki Kolo aka mayar masa da rawaninsa, sannan ya juya ga Nomau.

"Yanzu gaya mini yadda ka gane."

"Motar ce ta faɗa. An bar ta a giya da dutse, ba aikin Bature ba ne, ba na Alhaji ba. An tayar da ita da makullin ƙarƙashi, wanda ba mai sanin wurinsa sai baƙin da na yi wa karatu da wanda na koya wa aiki. Baƙo ba zai naɗe wayar sau uku ba, ni nake haka. Man da aka sha ya kai Dakusa ya dawo. An haye koramar da ta kayar da Bature cikin awa uku har da dawowa, ka ga an rage iska an mayar. Kuma an zaɓi lokacin da Kolo ke masallaci, don haka mai aikin bai yi Juma'a ba." Ya ɗan tsaya. "Duk wannan zan iya ce wa kaina wani ne. Tsumman ne ya hana ni. Ɓarawo na gudu da kayan sata, a shekarar da mutum ke rowar ruwan alwala, ya tsaya ya tace wa mota ruwa? Mutum ɗaya na sani da ya riƙe karatuna duka."

Mushe Luk ya zo da gudu da ya ji labari, ya ce ya janye ƙara, irin ya je inda aka rubuta. Ajidan ya ce magana ta wuce hannun Bature, hatsin taimako ne, kuma an ɗauki mota ba izini. Alƙali ya duba cewa ba a sayar da ko ƙwaya ba, ya yi sassauci irin na lokacin: wata takwas a kaso, kuma an karɓe farmi har abada.

A yammar nan Luk ya zo Zango ya zauna a benci ba a ce ya zauna ba. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya fid da alƙalami.

"Baba Nomau, sake mini daga farko."

Nomau ya so ya kore shi. Amma ya zuba masa shayi, ya fara daga riƙe dama.

Damina ta yi kyau a shekarar, irin wadda aka manta kamanninta. Wajen ƙarshenta Luk ya roƙi Nomau ya raka shi Kuka Uku. Da suka isa koramar, Baturen ya tsaya da kansa, ya sauka da tsinken ashana ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Suka haye kamar a kan tabarma. A ƙetare gero ya fi motar tsawo, hanya ta zama lungu a tsakanin karare. Mai gari ya so ya cika musu mota da damma, Nomau ya ce zangarniya ɗaya ta ishe shi.

Ranar ziyara ya kai ta gidan kaso a cikin hannun riga. Suma'ila ya rame. Ya karɓi zangarniyar ta tsakanin ƙarafa, ya murza ta da babban yatsa, ƙwayoyin suka zubo masa a tafi, manya, cikakku. Ya daɗe yana dubansu. Da ya buɗe baki, ba gonar ya tambaya ba.

"Maigida, wa ke ba ta ruwa yanzu?"

"Ni," in ji Nomau. "Da tsumman naka nake tacewa."